Ni da Birkin Kunkurun Baba

Ranar da aka raba gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kowa ya nuna irin hankalin da Allah ya ba shi. Babban wanmu ya karɓi gonar bakin rafi. Ƙanena ya ce a ba shi shago. Yaya, babbarmu a mata, ta haɗa rabonta da na ƙanwarmu suka riƙe sashen gidan da ake bayarwa haya. Ni kuwa, da na fi kowa tarin takardun boko a gidan, na gyara zama na ce a sa mini motar Baba cikin rabona, a cire kuɗinta. Malamin da ke rabon ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, motar da kaji ke yin ƙwai a ciki?" Na ce ita fa. Ya ce to, Allah ya sanya albarka, ya rubuta, ya kuma sa ni na sa hannu a gaban shaidu don kada gobe in ce an cuce ni.

Motar Volkswagen ce, wadda mutanenmu ke kira kunkuru, ƙirar 1973, mai lamba 1300 a murfin baya. Baba ya saye ta a hannun wani malami Ba'indiye da zai koma gida, a 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka faɗo wa ma'aikatan gwamnati kowa ya rasa inda zai sa kansa: wani rediyo, wani babur, wani ƙarin aure. A shekarar ce kuma aka fara harhaɗa irinta a Ojo ta Legas, Fijo kuma a Kakuri ta Kaduna, amma Baba har ya koma ga Allah yana tuna wa duk wanda ya tsaya kusa da shi cewa tasa daga Jamus ta zo a ɗinke. Sitiyarinta a hagu yake, domin ta shigo ne bayan Afrilun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Injinta a baya, ba ya shan ruwa, iska ce ke sanyaya shi. An ƙera irinta fiye da miliyan 21 kafin a rufe layin ƙarshe a Puebla ta Meziko a 2003. Duk wannan na haddace, ina kuma karanta wa baƙi, sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Tayar da injin bai ba ni wahala ba, abin da ya fara kumbura mini kai ke nan. Na sallami kajin, na ɗaga kujerar baya na sa sabon batir, don a ƙarƙashinta mazauninsa yake, aka wanke tanki da kafireta, aka canja fulogi. Sai ga ta tana tari, daga tari ta koma wannan karkarwar tata da duk wanda ya yi wayo a shekarun 1980 zai gane ko daga bayan katanga. Tafiya dai tana yi. Tsayawa ce sai an yi shawara da ita. In ka taka birki sai feda ta riƙa harbin tafin ƙafarka, wani ƙara mai kashe haƙori ya taso daga gaba, motar kuma ta karkata hagu tana neman kwata. Na saba da halinta. In ina so in tsaya a ƙofar gida, tun daga masallacin unguwa nake fara takawa.

Ana nan sai aka sa ranar auren 'yar Yaya. Yarinyar ta zo gaishe mu da uwarta da ƙawayen uwarta, ta zagaya motar tana shafawa, ta ce, "Kawu, don Allah ranar biki a ba mu aron motar Kaka mu yi hoto a jikinta. Yanzu irinsu ake yayi." Hoto kawai ta roƙa. Ni ne na buɗe baki na ce wane irin hoto kuma, ai a cikin motar nan aka kai uwarki ɗakin miji, ke ma a cikinta zan kai ki da hannuna. Mata suka rangaɗa guɗa. Yaya ba ta yi guɗa ba. Ta ce, "Ƙanena, motar nan tana da birki kuwa?" Na ce birki ai ƙaramin alhaki ne.

Na lallaɓa da ita wani garejin bakin titi. Wani saurayi ya fito da na'urar nan da suke jona wa motocin zamani ta faɗa musu ciwonta, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya rasa inda zai soka ta. Ya buɗe gaba, ya ga safaya taya da tankin mai, ya tambaye ni ko injin na cire na kai gyara wani wuri. Ogansu ya zo ya kore shi, ya zaga da motar kaɗan, ya sauko ya ce duram ne ya ci, sai an cire an kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe sun gyara cikinsa. Amma shi ba zai sa hannu ba, don in wani abu ya karye ba shi da inda zai samo madadinsa. "Alhaji, shawarata, ka kai ta Gidan Makama yara su riƙa zuwa kallo." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na dawo gida na raba dare ina kallon Turawa a YouTube suna kwance birkin kunkuru a garejin da ya fi ɗakin kwanana tsabta, kowane noti yana fita da yatsa biyu. Kafin a kira assalatu na zama bakanike.

Ga wanda bai taɓa leƙa bayan taya ba, duram tukunyar baƙin ƙarfe ce ta zubi, taya a ɗaure a gindinta, suna juyawa tare. A cikinta akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa, kanikawa na ce musu shu, kowanne da fatar birki a bayansa. In ka taka feda, man birki ya tura su waje su matse bangon daga ciki, gogayyar ta tsayar da mota, ƙarfin gudun kuma ya koma zafi. Motocin yanzu faifai gare su a gaba, wasu har baya, amma kunkuru irin tawa duram ne a ƙafa huɗu. Shekara da shekaru shu na guga, rairayi da ƙurar hunturu na shiga, fata ta cinye har kawunan ƙusoshin da ke riƙe da ita su fito su yi ta zana layi a bangon. Zafi da sanyi kuma su sa da'irar ta ɗan baje ta wani gefe, shi ne harbin da feda ke yi. Maganin shi ne a ɗaura duram a inji a kankare bangon har da'ira ta dawo. Sai dai ƙarfen da aka kankare ba ya komawa, shi ya sa masu ƙera mota suka yanka iyaka. Na kunkuru faɗin cikinsa milimita 230 ne yana sabo, in ya kai 231.5 ya gama aiki. Milimita ɗaya da rabi ce duk rayuwarsa. Na rubuta lambobin nan biyu a bayan ambulan na sa a aljihu. A nan ya kamata mai karatu ya san sana'ata, don zai buƙace ta nan gaba: malamin lissafi ne ni a makarantar sakandare, kuma ba jiya na fara ba.

Na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo jak, da soket mai lamba 36, da sufanu, da guduma, da wani dogon bututun ƙarfe da mai shagon ya ce in ɗauka zan gode masa. Ranar Asabar na sa tsohuwar rigar wasannin makaranta, na bar yaran maƙwabta suka taru, don su ga yadda ake aikin hannu in an haɗa shi da ilimi.

Duram ɗin baya ƙaton noti ɗaya ne ke riƙe da shi. An ɗaure shi da ƙarfin da ya kai a rataya kilo 30 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya, ko ma fiye, sannan shekaru suka ƙara masa nasu ɗaurin. Ana sassauta shi ne mota tana ƙasa a kan tayoyinta, an ja hambirki, an sa giya. Ina jin lokacin da Baturen ya faɗi haka na tashi shan ruwa. Ni dai na ɗaga mota a jak tukuna, na cire taya, na zura bututu, na hau kansa da duk nauyina. Duram ya juya, bututu ya sauka ƙasa da ni, motar ta yi wani rangaji a kan jak, yara suka watse suna salati. Maƙwabcina tsohon direban tirela ne da ya ajiye aiki. Ya fito da buta a hannu, ya tsaya ya gama kallo, ya ce, "Malam, mayar da tayar ka sauke ta ƙasa. Ka kuma zare fil ɗin nan da ya ratsa notin, in ba guntule shi kake so ka yi ba." Na ce ai dama gwada shi nake yi.

Notin gaba na dama ya fita ba gardama, har na fara yi wa yaran bayani. Na hagu ne ya tona ni. Ta murfinsa wayar mitar gudu ke leƙowa, da wani ɗan zobe da ke riƙe ta. Ina taɓa zoben ya yi tsalle ya faɗa cikin rairayi, har yau ba a gan shi ba. Na sassauta 'yar kusar da ke matse notin, na juya shi ta inda duk wani notin Allah ke kwancewa. Ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, ya ƙara taurin kai. Na jawo bututu. Maƙwabci ya ajiye buta ya riƙe mini hannu. Ashe notin wannan ɓangaren bahago ne, Jamusawa sun yi shi haka ne don juyawar taya kada ta kwance shi a hanya. Duk gumin nan da nake yi, ɗaure shi nake ƙara yi, boris na kuka a ciki.

Ko da notuna suka fita, duram bai biyo su ba. A can bakinsa inda shu ba ya kaiwa, ƙarfe bai ci ba, ya zama ɗan leɓe da ke tare shu. Sai an zura sukurdireba ta wata huda a farantin baya an juya 'yan taurarin saiti, biyu a kowace ƙafa, shu ya ja da baya. Nawa taurarin tsatsa ta haɗe su da mazauninsu. Aka yi ta ɗiga kananzir ana ƙwanƙwasawa har la'asar sakaliya. Da na farko ya fito, baƙar ƙura ta zubo, na cika kumatu na hure ta, ta dawo mini fuska. Fatun birki na wancan zamani da asbestos ake yin su, ƙurarsa kuwa in ta shiga huhu ba ta fita, da jiƙaƙƙen tsumma ake share ta. Turawan bidiyo duk da takunkumi a hancinsu, ni na ɗauka yanga ce.

Maƙwabcin ne ya kwatanta mini wani dattijo mai injin sassaƙar ƙarfe a wani lungu bayan masu walda. Na zuba duram huɗu a buhu na tare adaidaita sahu, direban ya ɗaga buhun ya nemi kuɗin mutum biyu.

Rumfar kwano ce, ƙasanta baƙi ƙirin da mai da garin ƙarfe. A tsakiya injin yake, dogo, koren fentinsa ya koɗe, da ɗan farantin tagulla mai rubutun Ingila, ya girmi motata nesa ba kusa ba. Dattijon gemunsa fari fat, tabaransa ɗaure da zare. Bai tambaye ni daga wace mota suka fito ba. Ya ɗaga ɗaya ya juya, ya ce, "Kunkuru. Na gaba. Rabona da irinsa tun ba a haifi wancan ba," ya nuna yaron shagon da haɓa. Ya rataya duram a ƙugiya, ya ƙwanƙwasa da sufana, ya kasa kunne. Amon ya daɗe bai mutu ba. "Ba tsaga," in ji shi. "Mai tsaga ba ya waƙa." Ya goge ciki da tsumma, ya bi bangon da farcen babban yatsa a hankali, idonsa a lumshe, duk inda farce ya maƙale ya ɗiga alli. Sannan ya warware ma'auninsa daga cikin wani ƙyalle, ya auna tsaye, ya auna kwance, ya auna a karkace, bakin duram da can ƙurya. Wurin da ya fi faɗi ya ba da 230.6.

"Ɗana, wannan yana da sauran nama, amma ba yawa. Zan cire leɓen, in shafa ciki kaɗan don da'irar ta dawo. Layin nan mai zurfi a bar shi. Layi ɗaya ba ya hana mota tsayawa."

Na ce, "Baba, ni sumul nake so. Amarya za a ɗauka."

"Amaryar ba a cikin duram za ta zauna ba."

Na zaro ambulan. Na tambaye shi zurfin layin, ya ce zai kai 0.8. Na yi lissafin a gabansa da biro, da manyan lambobi, yadda nake yi a allo don na layin baya su gani: 230.6 a tara da 0.8, ya ba da 231.4. Iyaka 231.5. Har da canji.

"In na ci nan," ya taɓa bangon ta sama, "can ma na ci," ya taɓa ta ƙasa.

Na yi masa murmushin da nake yi wa iyayen yara masu gardamar sakamakon jarrabawa. Na ce, "Baba, ƙarfe naka ne, ban ja ba. Amma lamba tawa ce, da ita nake ciyar da iyali."

Ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Kayanka ne."

Ya ɗaura duram, ya riƙa juya shi da hannu yana duban wata alura har ya zauna daidai tsakiya, domin in ya zauna a karkace inji zai sassaƙa da'ira mai kyau a inda ba nan ne tsakiyar taya ba. Ya naɗe bayansa da robar tsohon tib ya ɗaure tamau, don kada ƙarfen ya yi rawa a bakin wuƙa ya bar ƙananan tabo. Ya yi bisimilla ya tayar da inji. Baƙin ƙarfe na zubi ba ya fitar da dogayen zaruruwa masu nannaɗewa, gari yake zubarwa, toka-toka. A zagayen farko wuƙar tana taɓa wani wuri tana tsallake wani: ƙyat, shiru, ƙyat, shiru. Harbin da ƙafata ta saba ji ke nan, yau kunnena ya ji shi. A hankali shirun ya riƙa raguwa har sautin ya zama ɗaya, miƙaƙƙe. Dattijo ya kashe inji. "Nan ne wurin tsayawa." Na leƙa na ga layin yana nan yana kallona. Na ce a ci gaba. Ya ci gaba, garin ƙarfe na taruwa a ƙasa, ni ina gyaɗa kai.

Da layin ya ɓace na shafa ciki, santsi har cikin raina. Sai na tuna wani abu da na karanta: duram biyu na ƙafafun gaba dole faɗinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba mota ta riƙa jan gefe. Wannan gaskiya ce ba ja, shi kansa dattijon bai musa ba. Don haka na sa aka kai ɗayan, wanda ba shi da wani layin a zo a gani, daidai inda aka kai ɗan'uwansa. Ana ɗaura na baya na farko aka ɗauke wuta. Na ja tsaki, na yi ɗan jawabi a kan halin da ƙasa ke ciki. Dattijo ya ce, "Alhamdu lillahi." Na ɗauka gajiya ya yi.

Muna jiran wuta ya auna waɗanda aka gama, ya miƙo mini ma'aunin ba tare da ya ce uffan ba. 232.2. Na ce ma'aunin ya tsufa. Ya aika aka aro na maƙwabcinsa. 232.2. Na sake tarawa a bayan ambulan, 231.4 ta sake fitowa, don biro ba ya musu da mai shi. Sai yaron shagon, wanda tun shigowata yake sunkuyar da kai yana rakuɓewa bayan inji, ya matso ya rusuna. A lokacin na gane shi. Ɗan aji uku ne a makarantarmu, mai zama a layin ƙarshe, wanda zangon da ya wuce na rubuta wa "ka ƙara himma" da jan biro.

"Malam, a yi haƙuri. Ai dayamita radiyos biyu ce. In an ci 0.8 a bango, 1.6 ce ta ƙaru. Kai ka koya mana."

Masu waldar da rashin wuta ya zaunar duk sun taru a bakin rumfa. Ba wanda ya yi dariya, ni kuwa da sun yi da ya fi mini sauƙi. Dattijo ya kwance na bayan daga inji da kansa, ya share leɓen da magagari, ya goga musu samfefa, ya mayar mini buhu. Na baya bai karɓi ko kwabo ba. Na gaba ya karɓi kuɗinsa cif, ya ce aikin da aka sa shi ya yi. "Amma ɗana, kada ka sa 'yar mutane a motar nan da waɗannan. In kai kaɗai ne, wannan tsakaninka da Ubangijinka."

Irin wannan dattijon ƙarewa suke yi, kuma ba na jin an damu. Yau a gareji kalma ɗaya ce, a canja. Ga motar zamani ba laifi, kayanta sirara ne tun daga kamfani, ga su kuma jibge a kasuwa. Tsohuwar mota kuwa abin da ke jikinta shi ne jarinta, mai gyaranta na gaske shi ne wanda ya san inda zai ɗaga wuƙa. Na koma Ƙofar Ruwa na bi rumfa-rumfa da duram a hannu. Matasa ba su san shi ba. Tsofaffi suka ce irinsu an daɗe da auna wa 'yan gwangwan a kilo. Wani ya ce in gwada Fanteka a Kaduna, wani ya ce sai Ladipo a Legas. A intanet akwai sababbi, har yanzu ana ƙera su don masu kiwon tsofaffin motoci a Turai da Amurka. Na mayar da farashin naira, na haɗa da kuɗin jirgi, wannan karon na ninka komai biyu don tsaro, na kashe wayar. Biki ya ƙarato. Na ce wa kaina abin da ya haura ɗin ko milimita ɗaya bai cika ba, Jamusawa dai akwai tsoro.

Na sa aka buga wa shu sababbin fatu na mayar da komai. Shu an lanƙwasa shi ne don da'irar 230. A cikin ta 232 tsakiyarsa kaɗai ke taɓa bango, bakunansa biyu suna shan iska. Taurarin saiti kuwa na juya su har suka kusa barin mazauninsu. Saura fitar da iska daga bututun mai, aikin mutum biyu: ɗaya a kujera yana taka feda, ɗaya a ƙasa yana buɗe 'yar kusar da ke bayan taya. Uwargida ce ta zauna a kujera, da mayafinta, ba da son ranta ba.

"Taka!"

"Na taka."

"Riƙe!"

"Malam, miyata fa tana kan wuta."

"Riƙe dai na ce!"

Ko ɗigo bai fito ba. Na kusanto da fuska ina leƙen kusar, ina tunanin ko bututun ne ya toshe.

"Wai ni wanne ne ma a cikin ukun?"

"Na tsakiya mana!"

Ashe kuloci take ta takawa tun ɗazu. Ta koma na tsakiya da duk haushin miyarta, man birki ya wanke mini gemu, ragowar ya sauka a kan fenti. Shi kuwa man birki cin fenti yake yi, tabon yana nan.

Gwaji na fita bayan sallar asuba, titi ba kowa. Takun farko ta tsaya cak, ba harbi, ba ƙara, ba neman kwata. Na ce ina ma dattijon da ɗan aji ukunsa suna nan. Na ƙara wuta na taka, na ƙara na taka, ina jin daɗin aikin hannuna. Kowane taku feda tana ƙara nisa, ni ina can ina tsara jawabin da zan yi wa Yaya. Duram da ya sirance ba shi da naman da zai shanye zafi. Ya yi zafi da wuri, ya buɗe, bango ya guje wa shu, shi kuma ɗan tsakiyar fatar da ke aikin ya ƙone ya yi santsi. Na karyo kwanar layinmu, sai ga tumakin unguwa an sako su sun cika hanya, ga mai ƙosai ta kafa kaskonta a gefe mai yana tafasa. Na taka. Feda ta tafi kusan ƙasa kafin in ji wani abu mai kama da birki, shi ma na ladabi. Na yi famfo, na yi salati, na danna hon ya yi wani ɗan kukan da ko ɗan rago bai ɗaga kai ba. Hannuna ne ya tuna da hambirki, ba kaina ba. Shi waya ce ke jan shu na baya kai tsaye, ba ruwansa da mai, ba ruwansa da na gaba, wato duram biyun nan da ɗaukewar wuta ta ƙwata daga hannuna. Bayan motar ya ja ƙasa, ta juya gefe, ta tafi a hankali ta soka hanci cikin tulin yashin da maƙwabcina direba ya sauke don ginin katanga.

Ya fito da butarsa. Ya dubi motar, ya dubi yashin, ya leƙo ta taga. "Malam, shi ma gwada shi kake yi?"

Kafin in kakkaɓe yashi daga bamba mai ƙosai ta kai wa Yaya labari, da ƙari. Ranar biki yaran unguwa ne suka turo motar har ƙofar gidanta. Aka sa duwatsu gaba da bayan kowace taya, Yaya da kanta ta zare makullin ta ƙulle a bakin zani. 'Yan mata suka yi mata ado da furannin roba. Amarya da ango suka yi hoto a jingine, suka yi a zaune, suka yi tana leƙowa ta taga. Hotunan sun yi kyau ƙwarai, mai hoton ya san yadda ya kauce wa tabon fentin. Amarya ta durƙusa ta ce, "Kawu, na gode, dama abin da na roƙa ke nan." Da daddare abokan ango suka kai ta a motocin Japan, ni kuma aka ba ni kujerar baya a wata bas, tsakanin gwaggwanni da kwanukan gara. Wani daga cikin abokan angon har ya tambaye ni nawa nake bayar da hayarta a yini, ya ce bai taɓa ganin kayan ado da aka yi wa inji ba.

Duram ɗaya yanzu yana rataye a darbejiyar islamiyyar unguwarmu, shi ake bugawa in an tashi. Malamin ya tare ni a masallaci ya yi godiya, ya ce ba su taɓa samun ƙararrawa mai zaƙin murya irinta ba, ya tambaya ko akwai wata. Ɗayan uwargida ta riga shi, ta sa an yi masa ƙafafu ya zama kurfoti. A makaranta kuwa, duk ranar da na zana da'ira a allo, ajin nan na uku yakan yi wani irin shiru da ban yarda da shi ba, yaron kuma ya ƙura wa tebur ido.

Don haka ga roƙona ga masu karatu. Duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya bar kunkuru a bayan gida, a Kano ne, a Zariya ne, ko a Damagaram, ya taimaka ya duba ƙafafun gaba. Ina neman duram biyu masu huda huɗu, na ƙirar 1968 zuwa sama, ban da na 1302 da 1303, don nasu ya fi faɗi. Cikinsu kada ya wuce 231. Kada a wanke, kada a goge, a bar su da tsatsarsu, zan biya. Sai dai ba ni za a kawo wa ba, wurin dattijon za a kai. Ya ce in sun iso in yi zamana a gida, zai aiko yaron ya faɗa mini lambar.